Kansilan Gindin Darbejiya

A shekarar da sojoji suka ce za a yi sabbin ƙananan hukumomi, ina zaune a wani gari na ƙasar Roni da 'ya'yana uku, na ƙarshen yana goye. Sana'ata kitso. Daga hantsi zuwa la'asar tsakar gidanmu ba ta rabuwa da mata, wata a gabana ta sunkuyar da kai, wasu a kan tabarma suna jiran layi suna ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale. Duk abin da ya faru a garin sai ya biyo ta nan, amma ban taɓa jin an kawo zancen mulki ba sai a wannan shekarar.

Maigidana ɗan kamashon gyaɗa ne a da. Da ciwon nan ya zo ya nannaɗe ganyen gyaɗa a gonaki, harkar ta mutu, sikelinsa ya zauna a zaure yana tsatsa. Abin da ya rage masa na zamanin jin daɗi shi ne babur da rediyo da babbar riga mai aska takwas. Mutum ne mai kirki, ba ya zagi ba ya duka, amma Allah ya yi shi da son a saurare shi. Wata rana ya dawo daga Kazaure ya jingine babur, ya tsaya a kaina ina tankaɗe.

Ya ce, "Za a zaɓi kansila a yankin nan. Kansilolin ne kuma za su haɗu a Kazaure su fitar da ciyaman a cikinsu. Jama'a sun matsa mini in fito."

Na ce, "Wace jama'a, Malam?"

Ya ce, "Jama'a dai."

Daga baya na gane jama'ar su ne mai shayin bakin kasuwa da wani ƙanin maigidan nawa. Na ce Allah ya sa alheri, na ci gaba da tankaɗena.

Ba a yi mako ba sai ga labari yayana ma ya fito. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne babba, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ke da injin niƙa guda ɗaya tilo a garin, kuma ta hanyarsa maigidana ya san ni, don abokai ne tun suna samari. Kowannensu ya rantse shi ya fara furta niyya, ɗayan ya ji ya kwaikwaya. Suka daina gaisawa sai da ka, a masallaci kowa ya kama nasa gefen sahu.

Akwai ɗan takara na uku, amma babu wanda ya ɗauke shi da nauyi. Tsohon duba-gari ne da ya yi ritaya, dogo siriri, yana dogara sanda. Babu macen da ta kai shekara talatin a garin da ba ta da labarinsa. A zamanin aikinsa yakan shigo gida da gajeren wando, ya leƙa randa, in ya ga abu yana motsi a ruwan ya sa a tuntsurar da ita. Ya taɓa fasa wa Innarmu randar da ta zo da ita gidan aure, kuma har ta tsufa in an ambace shi sai ta tofar da yawu. Da aka ce yana takara, matan da ke gidana suka yi dariya har wadda nake yi wa kitso ta motsa, tsaga ta karkace.

Kamfe ya kankama. Maigidana ya je Kazaure ya ɗauki hoto wajen wani Bayarabe, da aron tabarau da alƙalami a aljihu, aka manna a bangon kasuwa. Ya yi hayar lasifika da batirin mota, ƙaninsa yana riƙe da su a bayan babur, suna zaga ƙauyuka. Ya yi alkawarin kwalta har Kazaure, da lantarki, da famfo a kowace unguwa, don a cewarsa kuɗin mai sun yi wa gwamnati yawa, mai zuwa ya karɓo ne kawai babu. Yaya shi ba mai magana ba ne. Goro yake rabawa, ya ce in ya ci zai kawo inji na biyu. Shi kuwa tsohon duba-gari yakan tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, ya ce a riƙa rufe bakin rijiya, a yi wa masai murfi, ya wuce. Wani lokaci har yakan manta bai ce a zaɓe shi ba.

Duk wannan harkar maza ce, mu 'yan kallo ne, sai ranar da rediyo ya ce a wannan karon mata ma za su yi zaɓe. Maigidana ya ji da kunnensa, ya ce ai mutanen Kudu ake nufi. Sai da dagaci ya tara mutane ya tabbatar, ya ce duk macen da ta isa aure ƙuri'arta ɗaya da ta namiji. An yi kwanaki ana muhawara a bakin masallaci. A ƙarshe liman ya ce ba laifi, in dai za a gama da maza tukuna, sannan mata su fito da mayafansu.

Tun daga ranar na zama mutum a gidanmu. Maigidana, wanda ko gidan suna zan je da rana sai ya yi tsaki, shi ne ya koma bin abokansa yana cewa hana mace fita zaɓe jahilci ne. Ya lissafa ya ga rabin matan garin a gabana suke sunkuyar da kai. Ya sayo mini sabuwar tabarma da man kitso ba tare da na roƙa ba. Ya fara tsayawa a bayan zana yana gyaran murya, yana gaida matan da sunan 'ya'yansu, yana tambayar lafiyar awakinsu.

Wata safiya ya ce, "Ke, in kina kitson nan, ki riƙa sako maganar famfo. A hankali dai, kada su gane ni na sa ki."

Na ce, "In suka tambaye ni ina famfon zai fito fa?"

Ya ce, "Ki ce daga gwamnati."

Yaya ma bai zauna ba. Niƙana ya koma kyauta, har gida ake kawo mini garin. Rannan ya zo da kansa, ya ƙi shiga, ya tsaya a zaure ya sa aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ba wata magana ba ce. Na zo in tuna miki ne, aure ana yi ana rabuwa, Allah ya kiyaye. Amma nono ɗaya muka sha."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Ya ce, "To, shi ke nan," ya ajiye mini goro ya tafi.

Ni a raina ban damu sosai ba, saboda matar malamin asibitinmu ta riga ta kwantar mini da hankali. Kirista ce daga can ƙasar Binuwai, tana zuwa kitso duk Asabar saboda coci, kuma ita ta taɓa ganin zaɓe a garinsu. Ta ce wani ɗan ɗaki ake shiga, a ba ki takarda ki jefa a akwati, daga ke sai Allah. Na ce alhamdulillahi, ashe abin mai sauƙi ne. Zan ce wa Malam shi na zaɓa, in ce wa Yaya shi na zaɓa, in ya so ranar lahira a warware.

Ana saura kwana kaɗan sai sanarwa ta zo cewa a yankinmu ba akwati. Ɗan takara zai tsaya a fili, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga. Da matar malamin asibitin ta ji, ta dube ni ta ce, "Maman yara, ke kam sai dai addu'a."

Matan da nake yi wa kitso suka fara tambayata. Yawancinsu mazajensu sun faɗa musu inda za su tsaya, amma su ma suna da nasu lissafin. Wadda mijinta ke bayan maigidana tana tsoron a riƙa mayar mata da niƙa baya. Wadda mijinta ke bayan Yaya tana tsoron in daina yi mata kitso. Sai wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta yanke magana.

Ta ce, "Mu dai ke za mu duba. Miji naki, wa naki. Inda kika tsaya, nan ne babu rigima."

Na ce su rufa mini asiri, ni ma ban san inda zan tsaya ba. Suka ɗauka wayo nake yi.

Ranar zaɓe aka taru a filin makarantar firamare. Mu mata aka ajiye mu a bayan azuzuwa, muna leƙe ta tsakanin gini. Malamin zaɓe wani saurayi ne da aka turo daga Kazaure, da ɗan sanda guda, da teburi a tsakiyar fili. Tun da sassafe maigidana da Yaya suka fara jayayya a kan wanda zai tsaya daidai gaban teburin. Da ƙyar aka raba, ɗaya ya tsaya dama ɗaya hagu, a tsakiyar fili fetal. Tsohon duba-gari bai shiga jayayyar ba. Ya ce ƙafarsa ba ta jure tsayuwa, ya nemi izini ya ja kujerar 'yan makaranta zuwa gefen fili, gindin wata babbar darbejiya, ya zauna ya ɗora haɓa a kan sanda.

Maza suka yi layi. Na maigidana da na Yaya kusan kai ɗaya, har aka ƙirga aka sake ƙirgawa, don wani ya rantse ya ga mutum ya bar wannan layin bayan an taɓa kafaɗarsa ya koma wancan. Bayan duba-gari kuwa 'ya'yansa ne da surukansa da wasu tsofaffi tsiraru. Kafin a gama wannan rigima rana ta take tsaka. Mun gaji, yara suna kuka, ruwan da muka zo da shi ya ƙare. Akwai matan Fulani daga rugagen yamma da suka ajiye ƙoren nononsu suka zo, suna ta mita nono zai lalace.

Aka kori maza zuwa bayan shingen makaranta, aka ce mata su fito. Na gyara goyona na shiga gaba, ba don ina so ba, sai don duk wadda na matsa wa ta wuce sai ta ja baya. Na fito fili na ga maigidana a dama cikin aska takwas, gumi ya jiƙa masa wuya, yana mini murmushin da rabona da shi tun ina amarya. Na ga Yaya a hagu, bai yi murmushi ba, ya dai kafe ni da ido irin na mahaifinmu. Inna ta riga ta je ta tsaya a bayansa ita da ƙawayenta biyu, tana yafito ni.

Na tsaya cak. Ƙasa tana ƙuna ta cikin silifa, yaron a bayana ya fara tsala kuka yana neman nono. Na ce a raina bari in sami wuri in shayar da shi, in yi tunani, tunda ba a fara ƙirga ba. Inuwa kuwa a duk filin nan guda ɗaya ce. Na ratse na nufi gindin darbejiya, na gaida tsohon na ce, "Baba, sannu da hutawa," na wuce bayansa na zauna a kan saiwa, na juya baya na kwance goyo.

Ban ɗago ba sai da na ji inuwar ta cika da numfashi. Mai daddawa ce a bayana, sai matar malamin asibiti, sai sauran, layi ya miƙe ya fita daga inuwa ya lanƙwasa ya bi jikin azuzuwa inda akwai 'yar inuwar rufi. Matan Fulani suka ga inda taro yake suka bi. Mai daddawa ta sunkuyo ta raɗa mini, "Kai, yarinyar nan akwai hankali. Ba wanda zai ce an fi son wani."

Na ce, "Iya, nono nake ba shi."

Ta ce, "Ba shi abinki, mun gane."

Na yunƙura zan tashi, yaron ya ƙi saki. Inna ta hango abin da ke faruwa, ta bar layin Yaya ta taho da sauri tana faɗa, ta kama hannuna tana ja. Daidai nan malamin zaɓe ya iso, shi ma rana ta dafa shi, ya fara da layin da ya fi kusa da inuwa. Ɗan sanda ya ce kowa ya tsaya inda yake, wanda ya motsa an soke ƙuri'arsa. Malamin ya nuna ni da biro, ya nuna Inna, ya wuce.

Inna ta ce, "Ɗan nan, ni ba nan nake ba."

Ya ce, "Iya, a nan na same ki."

Haka aka ƙirga Inna a layin mutumin da ya fasa mata randa. Shi kuwa tsohon, sai da hayaniya ta yi yawa ya waiga. Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya tambaye ni a hankali, "'Yata, waɗannan duk inuwa suka zo sha?"

Na ce, "Wallahi Baba, ni dai ita na zo sha."

Ya ce, "To, Allah ya yi muku albarka," ya gyara zamansa ya miƙe wuya.

Ba duka mata suka bi ni ba. Wasu sun tsaya bayan maigidana, wasu bayan Yaya, musamman waɗanda mazajensu ke leƙe ta saman shinge suna kiran sunan 'ya'yansu. Amma da aka haɗa na maza da na mata, malamin zaɓe ya hau kan teburi ya karanta, tsohon duba-gari ya ba su rata mai nisa. Yaya ya zo na biyu. Maigidana ya zo na uku da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma wannan ɗan bambancin ya fi faɗuwar kanta yi masa ciwo.

A gida bai yi faɗa ba. Ya cire rigar ya rataye, ya zauna a kan turmi. Na kawo masa fura ya ce ya ƙoshi. Can ya ce, "Da Yayanki kika bi, da na ce jini ne. Amma duba-gari?"

Na faɗa masa gaskiyar yadda aka yi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato inuwa ce ta kayar da ni."

Na ce, "Ai da kun bar jayayyar gaban teburi."

Ya jawo furar ya sha.

Bayan 'yan kwanaki aka zo da mota aka ɗauki tsohon zuwa Kazaure, inda kansiloli suka zaɓi ciyaman. Mun ji an rabu gida biyu tsakanin wani tsohon hedimasta da wani ɗan kasuwa mai motocin haya, kowane ɓangare yana zawarcin kansilanmu, ana kai masa abinci masauki. Ya ci na kowa, ya zaɓi hedimasta, wai don ya leƙa bayan gidan su biyun ya ga na hedimasta ya fi tsabta. Hedimastan ne ya ci. Kwalta ba ta zo ba, lantarki ma sai da na aurar da 'yata ta fari. Amma an ɗaure bakin babbar rijiyar garin da siminti an yi mata murfin ƙarfe, aka gina rumfar mahauta a kasuwa. Matan garin suka riƙa cewa ai dama sun san abin da suke yi.

Maigidana da Yaya kuwa, baƙin ciki ɗaya ya haɗa su. Yaya ne ya fara zuwa, ya yi sallama a zaure, suka zauna suna zagin tsarin layi, suna cewa wanda ya ƙirƙiro shi bai san darajar mutane ba. Suka yanke shawarar kai ƙara Kazaure, cewa ba a zaɓi mutum ba, bishiya aka zaɓa. Da safe na ga sun hau babur ɗaya, Yaya a baya ya riƙe kafaɗar Malam, sun sha manyan riguna.

Sai bayan la'asar suka dawo. Na kai musu ruwa zaure, na ɗan tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Yaya, an dace?"

Yaya ya ce, "Wani akawu muka samu. Ya tambaye mu ko an hana mu tsayawa a gindin bishiyar. Muka ce a'a. Ya tambaya ko an ɗaure matan an kai su can. Muka ce a'a. Ya ce to mu je mu dasa tamu kafin zaɓe mai zuwa."

Maigidana ya ce, "Yaron ba shi da kunya. Amma mun biya ta wajen masu injuna. Akwai wani na ɓarar gyaɗa da na matsar mai, in aka haɗa su da na Yayanki a rumfa ɗaya, mutanen garin Gwiwa ma nan za su riƙa zuwa."

Na ce, "Gyaɗar da ta mutu?"

Ya ce, "Za ta dawo. Ke dai kawo mana abinci."

Na shiga na zubo musu tuwo da miyar kuka a kwano ɗaya. Ina jin su daga tsakar gida suna gardama a kan inda za a kafa rumfar, Malam yana cewa bakin kasuwa, Yaya yana cewa kusa da tasha, har aka kira magariba suka tashi suka tafi masallaci tare.